Yekuwa da Gushewar Tarihin Ƙauyuka a Ƙasar Magariya da Dungas

Wanda duk ya bi ta Yekuwa a yau, ya ga gonakin gero da gyaɗa a ƙarƙashin itatuwan gawo, da wuya ya yi zaton cewa wannan ɗan gari na ƙasar Magariya ya taɓa zama mafakar sarautar Daura, alhali kuwa a nan ne sarkin Daura, Sarkin Gwari Abdu, ya yi zaman hijira bayan da mutanen jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya tashi a 1804, suka fitar da shi daga birninsa, kuma daga gidan sarautarsa ne sarautun Zango da Baure da Magariya suka tsiro. Haka nan Dungas da Waca, waɗanda tare da Mirya ake lissafa su cikin ƙasashen Sosebaki, suna da daɗaɗɗiyar sarauta tun suna bin Barno, kafin Damagaram ta rinjaye su a ƙarni na 19. Abin da ke damun mai lura shi ne, wannan ilmi yana gushewa daga ƙirazan mutanen da ya shafa.

Babban musabbabi, a ganina, shi ne iyaka. Sa'ad da Ingila da Faransa suka shata ƙasa a tsakaninsu, har tawagar Tilho ta kafa alamomi daga 1906, sai aka yanka tarihi guda gida biyu: Daura da Zango da Baure suka faɗa Nijeriya, Yekuwa da Magariya suka faɗa Nijar. Abin da aka rubuta daga bakin dattawa ma ya bi wannan rabo, domin riwayoyin da tafintan tawagar, Landeroin, ya tattara da Faransanci suke, haka ma littafin André Salifou na 1971 a kan Damagaram, shi kuwa ta'alifin M. G. Smith na 1978 a kan al'amuran Daura da Ingilishi yake. Saboda haka manomin da kakanninsa suka ba da labarin ba shi da hanyar karanta shi, ɗansa kuma da ya shiga makarantar boko ya fi sanin tarihin manyan dauloli bisa ga sanin wanda ya haƙa rijiyar garinsu.

Sai kuma ƙuncin ƙasa, wanda shi ne ya fi ɓarna a ɓoye. Wannan yanki yana cikin mafiya cunkoson jama'a a Nijar, gona tana raguwa da kowane rabon gado, har ta kai ba a iya barin kufai ya zauna haka nan. Garma takan tono tsingaro da kashin maƙera a inda gari ya taɓa zama, yaro ya tsince su ya watsar a kan iyakar gona, ramukan karofi su cike da ƙasa, tudun ganuwa ya baje shekara bayan shekara, har wurin ya rasa sunansa. Ga kuma cin rani, wanda ke kwashe samari zuwa Kano da Legas da Libiya a daidai lokacin da, a da, ake zaman hira a zaure bayan girbi. Riwayar baka kuwa tamkar hadisi take wajen bukatar isnadi: idan mai ji ɗaya ya faɗi daga silsila, abin da ke bayansa ya yanke.

Ba dukan tarihi ne ke mutuwa ba, kuma a nan ne natijar ta fi ban tsoro. Nasabar sarakuna tana nan da ranta, domin maroƙa suna ci da ita, masu neman sarauta kuma suna kafa hujja da ita. Haka nan labarin wanda ya fara saran daji, musamman tun da dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta amince da mallakar gona ta hanyar al'ada, ya zama abin da ake kaiwa gaban maigari da sarki idan rigima ta tashi. To, tarihin da ba a tunawa da shi sai ranar husuma, kowane ɓangare yakan gyara shi daidai da bukatarsa, ya zubar da abin da bai amfane shi ba. Wanda ke salwanta gaba ɗaya shi ne na waɗanda ba su da kujera: marina da maƙera, malaman tsangaya, matan da suka riƙe sunayen shekarun yunwa, da Fulani makiyaya waɗanda burtalinsu ya shige cikin gona.

Akwai abin da ke rage asarar. A Yamai, cibiyar CELHTO ta daɗe tana adana tarihin baka, a Damagaram kuma ga jami'a mai sunan André Salifou, wadda ɗalibanta 'yan ƙasar ne masu jin harshen dattawan. Wayar hannu ma ta sa jika yana iya naɗar muryar kakansa ya aika wa dangi a Zango. Sai dai mafi yawan irin wannan naɗi ba ya ɗauke da sunan mai riwaya, ko ranar da aka yi shi, ko daga wa ya ji, kuma yakan salwanta ranar da wayar ta lalace ko aka sayar da ita.