Xavi: Ɗan Gidan da Zaman Gida Ya Gagara

A daren Asabar, 27 ga Janairu, 2024, ƙungiyar Villarreal ta bi Barcelona har filin Montjuic, inda Barcelona take buga wasanninta na gida a lokacin saboda gyaran da ake yi wa filinta na Camp Nou, ta ci ta biyar da uku. Abin da ya ƙara wa al'amarin ɗaci kuwa shi ne, masu gidan sun farke ƙwallo biyun da aka fara zura musu, har sun wuce gaba da ta uku, sai ga shi dab da tashi an zazzaga musu uku a jere. Da aka watse, kocin Barcelona, Xavi Hernandez, ya zauna gaban 'yan jarida ya shaida musu cewa ranar 30 ga Yuni zai ajiye aiki, alhali kuwa wata huɗu kacal ke nan da ya sa hannu a takardar da ta ƙara masa wa'adi zuwa 2025. Hujjar da ya kawo ba ta shafi dabarun wasa ba. Cewa ya yi horar da Barcelona aiki ne na rashin tausayi, kana yi ana raina ka, ba a ganin ƙoƙarinka, har abin ya kai ga cin lafiyar zuciyar mutum da walwalarsa.

Kwana guda kafin nan Jurgen Klopp na Liverpool ya ba da irin wannan sanarwa, ya ce ƙarfinsa ya soma ƙarewa, amma shi ya faɗa ya cika, aka yi masa bankwana cikin girma a watan Mayu. Na Xavi kuwa ba haka ya kasance ba: ya ce zai tafi aka roƙe shi ya zauna, da ya zauna kuma aka sallame shi, duk a cikin wata huɗu. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin raunin azama kawai, ko sauyin ra'ayin shugaba guda, ya ga zahirin lamarin ne, baɗininsa kuwa ba ya bayyana sai an koma ga nasabar mutumin da wannan ƙungiya.

An haife shi a 1980 a garin Terrassa, wanda ba shi da nisa da birnin Barcelona, mahaifinsa kuma tsohon ɗan wasa ne da ya taka wa Sabadell leda. Yana da shekara goma sha ɗaya aka shigar da shi makarantar yara ta ƙungiyar, wadda ake kira La Masia. Masu dogon tunani a cikin masu kallon ƙwallo na Nijeriya za su iya tuna shi a 1999, sa'ad da ƙasar ta karɓi baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara ashirin, Sifaniya ta fitar da Gana da bugun fenareti a Kaduna, sannan ta lallasa Japan huɗu ba ko ɗaya a wasan ƙarshe a Legas, Xavi yana tsakiyar fili yana rarraba ƙwallo. A wannan zamanin ne AC Milan ta Italiya ta zo da tayi mai tsoka, kuma da yake Pep Guardiola ne ke riƙe da gurbin da yaron yake bugawa, babu alamar zai matsa nan kusa, mahaifin ya karkata ga amincewa. Amma mahaifiyar, kamar yadda iyalin suka ba da labari daga baya, ta ce in dai aka bar ɗanta ya tafi, to aurenta ya ƙare. Magana ta mutu a nan. Ya zauna, ya buga wa Barcelona wasa 767, ya ci La Liga takwas da Kofin Zakarun Turai huɗu, ban da Kofin Duniya na 2010 da ya ɗauka da ƙasarsa. Ashe ke nan tun farkon al'amari zamansa a ƙungiyar hukunci ne da aka yanke a ɗakin uwa, ba a ofishin wakili ba.

A 2015 ya tafi Al Sadd ta Katar, ya ƙare wasa a can, ya soma koyon horarwa a 2019. Ana cikin haka gida ya kama da wuta. Shugaban ƙungiya Joan Laporta ya bayyana a watan Agustan 2021 cewa bashin da ke kansu ya kai Yuro biliyan 1.35, a wannan watan Lionel Messi ya fita yana hawaye zuwa Paris saboda ba a iya biyan albashinsa bisa ƙa'idar gasa, a Oktoba aka kori koci Ronald Koeman, a farkon Nuwamba kuma aka kira Xavi, ƙungiyar tana ta tara a teburi. Ni a ganina ba don ƙwarewarsa a horarwa kaɗai aka kira shi ba, domin a lokacin bai taɓa jagorantar wasa ko guda a Turai ba; an kira shi ne domin sunansa yana da darajar da za ta saya wa shugabanni haƙurin jama'a na wani lokaci, kuma shi da kansa, da yake yana ganin kiran a matsayin amana, ba shi da bakin da zai ce a'a.

Wajibi ne a nan a fahimci irin ƙungiyar da ake magana a kai. Barcelona ba mallakar wani attajiri ba ce, ta mambobinta ce, waɗanda yawansu ya haura dubu ɗari, su ne kuma ke kaɗa ƙuri'a su zaɓi shugaba. Saboda haka shugaban ɗan siyasa ne ko ya so ko bai so ba, kowace Asabar kuma kamar ranar ƙidayar ƙuri'a ce a wurinsa. A birnin akwai jaridun wasanni biyu, Sport da Mundo Deportivo, waɗanda dole su cika shafukansu da labarin ƙungiyar kullum safiya, ko da abin faɗa ko babu, ga kuma shirye-shiryen rediyo na tsakar dare da ake tsire koci a cikinsu har mutane su yi barci. Sannan tun zamanin Johan Cruyff jama'ar wurin suka ɗora wa kansu wani sharaɗi mai nauyi, wato cin wasa kaɗai bai wadatar ba sai an ci da kyau. A bazarar 2022 Laporta ya sayar wa kamfanin Sixth Street na Amurka kashi 25 cikin ɗari na kuɗin nuna wasannin La Liga a talabijin har na shekara ashirin da biyar, wato ya ci kuɗin gobe a yau, aka sayo Lewandowski da Raphinha da Kounde. Xavi ya biya da Kofin Supercopa a Janairun 2023, inda ya doke Real Madrid uku da ɗaya a Riyad, sannan ya ɗauki La Liga da maki 88, ƙwallo ashirin kacal aka zura masa a kakar duka. Duk da haka aka ce wasan bai ƙayatar ba, ɗaya da nema ya yi yawa, kuma sau biyu a jere ƙungiyar ta kasa ƙetare matakin rukuni a Kofin Zakarun Turai, inda babban kuɗi yake.

To, a nan ne mas'alar iyali take shigowa, kuma ita ce galibin masu sharhi suke wucewa a guje. Kocin da ya zo daga wata ƙasa yana da mafaka: Jose Mourinho ya yi zamansa duka na Manchester United a ɗakin otal, iyalinsa suna Landan, ya koka da kaɗaici ƙwarai, amma dai zagin da ake yi masa bai bi matarsa kasuwa ba, ran da aka sallame shi kuma jakarsa kawai ya ɗauka. Xavi ba shi da wannan. Matarsa 'yar yankin ce, 'ya'yansa biyu ƙanana a birnin suke, iyayensa da abokan ƙuruciyarsa duk magoya bayan ƙungiyar ne tun kafin a haife shi, kai, mataimakinsa na farko a benci ma wansa ne, Oscar, wanda ya zo da shi daga Katar, wanda kuma masu suka ba su gaji da cewa zumunci ne ya ba shi kujerar ba. Mutumin da yake haka, in an ci shi ranar Asabar, to ranar Lahadi a kan teburin cin abincin iyayensa ma wasan ake yi. Ba shi da ƙofar da zai rufe tsakanin aiki da gida, domin gidan da aikin abu guda ne, kuma duk ran da aka kore shi ba shi kaɗai aka kora ba. Yaro kuwa da ke zuwa makaranta a garin da ake jifan ubansa da magana a rediyo, ba ya bukatar kowa ya fassara masa abin da ake ciki.

'Yan jarida sun saba ɗaukar uzurin iyali a matsayin lulluɓi da koci yake rufe gazawarsa da shi, wani lokaci kuma suna da gaskiya. Amma tarihi ya nuna sau da yawa hukuncin a gida ake yanke shi. Alex Ferguson ya yi niyyar murabus a 2002, matarsa da 'ya'yansa suka hana shi, ya ƙara shekara goma sha ɗaya. Da ya tashi tafiya a 2013 kuma dalilin da ya bayar shi ne rasuwar 'yar'uwar matarsa, ya ga lokaci ya yi da zai zauna kusa da ita. Luis Enrique ya bar tawagar Sifaniya a tsakiyar 2019 ba tare da jama'a sun san takamaiman dalili ba, sai a ƙarshen Agusta aka ji rasuwar 'yarsa mai shekara tara bayan jinyar sankarar ƙashi. Guardiola ma da ya bar Barcelona a 2012, bayan shekara huɗu da kofi goma sha huɗu, iyalinsa ya kwasa suka tafi New York, ya yi shekara guda ba ya horar da kowa.

Abin mamaki, da Xavi ya furta zai tafi sai ƙungiyar ta warware. Masu neman a kore shi suka rasa abin nema, 'yan wasa suka saki jiki, aka yi wasa fiye da goma ba a ci su ba, aka fitar da Napoli daga Kofin Zakarun Turai, aka je Paris aka doke PSG uku da biyu. Ranar 16 ga Afrilu, a wasa na biyu, alƙali ya ba ɗan wasan Barcelona Ronald Araujo jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, PSG ta Luis Enrique ta ci huɗu da ɗaya, Xavi ya hasala ya kai wa wani abu shuri a bakin fili, shi ma aka kore shi. Bayan kwana biyar Real Madrid ta ci su uku da biyu, La Liga ta kuɓuce. Duk da haka, a daren 24 ga Afrilu aka yi zama a gidan Laporta, washegari su biyun suka fito gaban kyamara suna rungumar juna, shugaban har muryarsa tana rawa, aka ce Xavi zai cika wa'adinsa. Wannan komawa ita ce kuskurensa mafi girma, domin 'yancin da ya samu na wata uku daga kalmar tafiya ya samo shi, kuma ran da ya janye ta ya mayar da wuyansa hannun wanda ƙuri'a ke juya shi. Sai dai wa zai zargi wanda ya tashi a cikin gida tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya don an ce masa zauna ya zauna?

Sulhun bai kai wata guda ba. Ranar 4 ga Mayu Girona, ƙaramar maƙwabciyarsu, ta ci su huɗu da biyu. Ranar 15 ga wata, gabanin wasa da Almeria, Xavi ya gaya wa 'yan jarida cewa ya kamata magoya baya su fahimci halin kuɗin ƙungiyar yana da wuya, ba kamar shekara ashirin da biyar da suka wuce ba, lokacin da koci zai nuna ɗan wasan da yake so a sayo masa, don haka gogayya da Real Madrid ba za ta zo da sauƙi ba. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan magana, kowa ya san ta, lissafin ƙungiyar ma ya tabbatar da ita. Amma shugaban da ya sayar da kuɗin shekara ashirin da biyar domin ya tabbatar wa mambobi cewa Barcelona ta dawo, ba zai lamunci kocinsa ya tsaya a bainar jama'a ya ce ba ta dawo ba tukuna. Laporta ya ƙi bin tawaga zuwa Almeria, ranar 24 ga Mayu aka shaida wa Xavi an sallame shi, ya jagoranci wasansa na ƙarshe a Sevilla ya ci biyu da ɗaya, ranar 29 ga wata kuma aka naɗa Bajamushe Hansi Flick.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa sakamako ya goyi bayan Laporta, domin a kakarsa ta farko Flick ya ɗauki La Liga da Copa del Rey da Supercopa, ya doke Real Madrid sau huɗu, da irin wasan da jama'ar birnin suke ƙishirwa. Haka nan adalcin ya wajabta a faɗi da waɗanne yara ya yi wannan aiki: Lamine Yamal, wanda Xavi ya jefa cikin fili a Afrilun 2023 yana ɗan shekara goma sha biyar, da Pau Cubarsi da Fermin Lopez, waɗanda shi ne ya fara amincewa da su sa'ad da babu kuɗin sayen manya. Shi kuwa Xavi, wannan kakar duka bai karɓi aikin kowace ƙungiya ba, ko da yake jaridu ba su fasa liƙa sunansa a kan duk kujerar da ta soma girgiza a Ingila ko Italiya ba.