Tambarin Ƙungiya: A Karanta Takardun Duka, Ko A Ɓoye Wasu?

Ƙungiyoyin gama kai da yawa suna so su sami tambarin kansu, wanda za a buga a jikin buhun masara da na waken soya, da kan rasit da hatimi. Abu ne mai kyau, gama mai saye yakan tuna da alama ko da ya manta suna. Yadda aka saba yi shi ne a sa mutum biyu ko uku su zana, a manna zanen a bango, sa'an nan a raba wa 'yan ƙungiya takarda, kowa ya rubuta wanda ya fi so da dalilinsa, ba tare da sa suna ba. Har nan ba wuya. Wuyar tana zuwa ran da aka buɗe akwati, 'yan kwamiti suka zauna suna tambayar juna: a karanta duka a gaban taro, ko a faɗi zanen da ya ci kawai?

Jin ra'ayin jama'a a kan alama ba sabon abu ba ne. Babbar ƙungiyar gama kai ta duniya, wadda aka kafa a Landan a 1895, ta ɗauki tuta mai launin bakan gizo a 1925. Da ta tashi yin sabon tambari a 2013, sai da ta ji daga bakin mutum fiye da 1,000 a ƙasashe 86. Cikin taro mai yawa haka ba mai gane wa ya ce me. Mu kuwa mutum talatin ne ko arba'in, rijiya ɗaya muke sha, kowa ya san rubutun hannun kowa. Wanda bai iya rubutu ba, ɗan makaranta ya sa ya rubuta masa, yaron kuwa yana da baki. A wurinmu rashin sa suna bai isa ya rufa wa mutum asiri ba.

Duk da haka ba mu goyon bayan a ɓoye abin da mutane suka ce. Idan kwamiti suka fito suka ce, "Zane na biyu ya ci," suka yi shiru, sai a fara raɗa cewa dā ma na ɗan shugaba suke so. Ban da wannan, maganar da ta fi amfani sau da yawa ita ce wadda ba mai iya tashi ya faɗa a fili. Wani zai rubuta cewa ya ga garmar shanu a zane, alhali yawancinmu da fartanya muke noma. Wata za ta tambaya ina mata suke a ciki, su da suke sussuka da shiƙa. Wani kuma zai ce kada a sa gicciye a buhu, domin buhu yakan ƙare a ƙasa ana takawa, masu sayen hatsinmu kuma ba Kirista kaɗai ba ne. Mai wannan magana ba ya so a ce bangaskiyarsa ta yi sanyi, shi ya sa ya fi son takarda. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, ya kamata taro su ji, su tattauna.

To, ga abin da muke gani. A ƙirga ƙuri'a a gaban kowa, a rubuta adadin a allo. Amma takardun kansu kada su zaga hannu. Magatakarda da mutum ɗaya da taro suka amince da shi, zai fi kyau ta zama mace, su kwafe dalilan da hannunsu, su haɗa masu kama da juna, su canja duk kalmar da za ta tona mai ita. Dalilin da mutum ɗaya tak ya kawo ma a karanta shi. Abin da za a fitar shi ne zagi da habaici, wanda ya bar zane ya koma kan mai zane. Ko shi ma a gaya wa taro takarda nawa aka ajiye, da abin da ya sa.

Kada mu manta da masu zanen. Yawanci malamin makaranta ne ko ɗan wani daga cikinmu, ya ɓata dare yana aiki ba a biya shi ko kwabo ba. Shugaba ya kira su kafin ranar taro, ya gaya musu abin da aka ce, don kada su fara ji a gaban iyayensu. A tuna musu cewa gyara ba raini ba ne. Tutar Nijeriya da Michael Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959 tana da jar rana a tsakiya. Alƙalan gasa suka cire ranar, suka bar kore da fari, shi ne kuwa aka ɗaga ran 1 ga Oktoba, 1960.

Dukan wannan a shirya shi tun kafin a raba takarda. A faɗa wa jama'a wa zai buɗe akwati, me za a karanta, da ranar da za a ƙone takardun. Ƙungiyar da ta riga ta yi alkawari cewa kwamiti kaɗai za su gani, kada ta karanta ko layi ɗaya sai ta koma ta nemi yardar taro.