Ko Ka Sani? Motar Kaya Mai Zama Bas da Rana, Ɗakin Kwana da Dare

Ko ka san cewa a Jamus da Ingila da Amurka akwai masu sana'ar da ba su da wani aiki sai yanka motar kaya su mai da ita gida? Irin motar nan ce da kamfanoni ke raba burodi ko kwalayen magani da ita, jikinta a rufe ruf babu taga, bayan kujerar direba kuwa fili ne fetal. In ta yi 'yan watanni a hannun kafinta da mai walda da mai haɗa wuta, sai ta fito tana kai yara makaranta a ranakun aiki, ƙarshen mako kuma iyalin su tafi da ita bakin teku ko gindin dutse, su yi girki a ciki, su kwana a ciki.

Dabarar ta daɗe. A watan Afrilu na 1947, wani ɗan kasuwa daga ƙasar Holan mai suna Ben Pon ya zana wata mota a littafin aljihunsa, bayan ya ga 'yar motar jigila da ma'aikatan Volkswagen suka haɗa wa kansu a masana'antar Wolfsburg. Akwati ya zana mai tayoyi, direba a can gaba, inji a baya, tsakiya duk wurin kaya. Zanen yana nan ajiye a gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam. A watan Maris na 1950 aka fara ƙera motar, da ƙaramin inji mai ƙarfin doki 25 wanda iska ke sanyaya shi, tana ɗaukar kaya wajen kilo 750. Cikin wannan shekarar aka fito da samfurin Kombi, mai tagogi a gefe da kujerun da ake cirewa in lodin kaya ya taso. Ita ce daga baya ta zama danfon farko a titunan Legas.

A 1951 kamfanin Westfalia da ke garin Wiedenbrück ya ƙera mata wasu kayan katako da ya kira Camping-Box: benci mai miƙewa ya zama gado, da kabad, da tebur, da wurin ɗora risho. Abin burgewa shi ne duk ana iya fitar da su. Ranar Juma'a da yamma a zura, ranar Litinin da safe a cire, mota ta koma neman kuɗi. Jamusawan lokacin ba su daɗe da fitowa daga yaƙi ba, mai mota ɗaya ma ya gode Allah, balle biyu. A Ingila kuma kamfanin Martin Walter na Folkestone ya yi nasa a kan Bedford CA, ya sa masa suna Dormobile, mai rufin da ake ɗagawa ta gefe ɗaya don mutum ya miƙe tsaye. Yau an fi yin aikin a kan Ford Transit da Fiat Ducato da Mercedes Sprinter, waɗanda suka fara fitowa a 1965 da 1981 da 1995.

Wanda ya leƙa cikin irin wannan mota, idonsa kan gado da murhu da ɗan firij yake sauka. Amma duk cikin aikin babu abin da ya kai kujerar baya wuya da tsada. Gado ana hawansa ne bayan an kashe inji. Kujera kuwa ita ke riƙe da mutum lokacin da mota ke gudun kilomita 100 a awa.

Ƙasan motar kaya falle ne na ƙarfe, kaurinsa wajen milimita ɗaya. An yi shi ne don a ɗora masa nauyi daga sama, ba don a fizge shi ba. In mota ta yi karo ta tsaya cak, jikin fasinja bai san an tsaya ba, gaba yake ci. Mutum mai kilo 70 yana iya jan bel ɗinsa da ƙarfin da ya haura tan ɗaya cikin ƙiftawar ido, bel ya ja kujera, kujera ta ja notin da ke riƙe da ita. In notin nan a jikin fallen kawai aka ɗaure shi, zai keto shi kamar yadda maɓalli ke keta tsohuwar riga, kujera da wanda ke kanta su tashi su afka wa na gaba.

Saboda haka ƙa'idar gwajin da ƙasashen Turai ke bi ba ta da sassauci. Ana jan bel ɗin kafaɗa da ƙarfin da ya haura kilo 1,300, na ƙugu ma haka, a lokaci guda. In bel ɗin a jikin kujerar yake maƙale, sai a ƙara ninki 20 na nauyin ita kujerar. Yi lissafi da benci na mutum biyu mai kilo 60, za ka ga ya wuce tan 6. Don a ci wannan jarrabawa, ƙwararru kan sa faranti masu kauri ta ƙarƙashin mota su raba nauyin, su haɗa su da manyan ƙarafan da ke ɗauke da jikinta. Wasu kan shimfiɗa sabon ƙasa na alminiyom mai layuka, a manne shi da gam na musamman, kujera ta riƙa zamewa gaba da baya a kai, a kulle ta inda ake so. To, ka tuna wannan kujerar ce kuma ake so da dare ta kwanta shamal ta zama gadon mutum biyu. Kowace gaɓa da ke naɗewa wuri ne da zai iya karyewa. Shi ya sa bencin da aka gwada yake da ɗan karen tsada, wanda ba a gwada ba kuma ake samunsa da araha.

A takarda ma motar sai ta sauya aji. A Turai ƙaramar motar kaya tana ajin N1, ta mutane da ba ta wuce kujera takwas ban da direba tana ajin M1. A Jamus sai injiniyoyin duba motoci irin na TÜV sun gani sun yarda kafin a rubuta sabon adadin kujeru a takardun mota, in ba haka ba a samu matsala da 'yan sanda da kamfanin inshora. Dokar tsaro ce ma ta kashe tsohuwar Kombi a Brazil, inda aka ci gaba da ƙera ta har ƙarshen 2013: daga 2014 dole kowace sabuwar mota ta zo da jakar iska da birkin ABS, jikinta kuwa ba ya karɓar wannan gyara.

Sai batun nauyi, inda masu zumuɗi ke faɗawa rami. Lasisin tuƙi na gama-gari a Turai ya tsaya ne a kilo 3,500, mota da duk abin da ke cikinta. Doguwar Sprinter babu komai a ciki ta haura tan 2. Ɗan abin da ya rage shi za a raba wa katako da katifa da batir da tukunyar gas da mutane. Tankin ruwa mai lita 100 kilo 100 ne cif. Manya biyar sun kusa kilo 400. Wanda ya yi sha'awar kabad na katako mai nauyi, sai ya rage fasinja ɗaya. Kuma inda aka ajiye nauyin ma magana ce: tanki da batir ƙasa ake sa su, kusa da tayoyi, don in suka hau sama motar kan yi tangaɗi a kwana.

Tagogi ba su da wahala sosai, don masana'anta kan bar shatin wurinsu a jikin fallen. A yanka cikin shatin, a shafa maganin tsatsa a bakin, a manna gilashi. Ginshiƙan da ke tsakani ne ba a taɓawa, su ke riƙe da rufi in mota ta kife.

Wuta kuwa daga batir na biyu take zuwa, wanda mota ke caji in tana tafiya, sola a kan rufi ta ƙarasa. An raba shi da batirin inji don kada a kwana da fanka da firij a wayi gari mota ta ƙi tashi.

Iska ta fi wuta muhimmanci. Mutum huɗu a cikin akwatin ƙarfe, numfashinsu kaɗai kan jiƙa bango kafin asuba a ƙasar sanyi, ruwan ya ɓuya bayan katako ya haifi tsatsa. Don haka ake cusa abin tare zafi da sanyi tsakanin ƙarfe da katako, a huda rufi a sa fanka mai zuƙe iska. (Wanda ya taɓa shiga motar da ta wuni a rana a Sakkwato ko Yamai cikin watan Afrilu ya san cewa a wajenmu tare zafin ne zai zama babban aiki.) Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa, don haka tukunyarsa tana da nata akwatin a rufe, da huda a gindi mai fita waje. Murhu a rufaffen wuri kuma yana fitar da gubar nan marar wari marar launi, irin ta hayaƙin janareto da ke hallaka iyali cikin barci. Ƙaramar na'ura mai ƙara in ta shaƙi gubar ba ta da tsada, masu hankali ba sa kwana babu ita.

Rabin wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Da yawa daga bas-bas ɗin haya a Afirka ta Yamma, daga HiAce zuwa Sprinter ɗin da ke aikin trotro a Gana, motocin kaya ne da suka gama aiki a Turai, aka yanka musu tagogi, mai walda ya jera benci. Gadon ne kawai ba mu damu da shi ba, kujera muke ƙarawa, don kowace kujera kuɗi ce. A Afirka ta Kudu abin ya kai ga bincike, har ofishin mai kare haƙƙin jama'a na ƙasar ya fitar da rahoto a 2019 kan motocin kaya ƙirar Toyota Quantum da aka mayar na haya ba bisa ƙa'ida ba. Masu duba irin waɗannan motoci ba sa tsayawa kallon kushin. Durƙusawa suke yi da tocila su leƙa ƙarƙashi, su ga ko notin kujera yana zaune a kan faranti mai kauri, ko kuwa falle kawai ya huda.