Yadda Ake Soke Mabuɗin API ta Hanyar Manhaja

Gabatarwa

A watan Oktoba na shekarar 2022, kamfanin motoci na Toyota ya sanar da cewa mai yiwuwa adireshin imel na abokan cinikinsa kimanin 296,000 ya faɗa hannun baƙi. Dalili kuwa shi ne, tun a watan Disamba na 2017 wani ɗan kwangila ya ɗora wani sashe na rubutun manhajar kamfanin a dandalin GitHub, ashe da mabuɗin shiga rumbun bayanai a ciki. Kusan shekara biyar mabuɗin yana fili, ba a canza shi ba sai a watan Satumba na 2022.

Mene ne mabuɗin API?

API wata ƙofa ce da manhaja ke bi domin neman aiki ko bayani daga kwamfutar wani kamfani. Mabuɗinta kuwa dogon jerin haruffa da lambobi ne da manhajar ke gabatarwa duk lokacin da ta zo ƙofar. Ita kwamfutar ba ta san fuska ba. Duk wanda ya gabatar da mabuɗin, mai gida ne ko ɓarawo, za ta buɗe masa.

Saboda haka, idan mabuɗi ya fita fili, goge shi daga shafin da ya bayyana ba ya maganin komai. Dandali irin GitHub yana adana tsofaffin rubuce-rubuce, kuma akwai manhajojin ɓarayi da ba su da aiki sai farautar irin waɗannan mabuɗai. Abin yi shi ne soke shi, wato a umurci kwamfutar kamfanin ta daina karɓarsa, kamar yadda mai gida kan canza kwaɗo idan makullinsa ya ɓata.

Me ya sa ake sokewa da manhaja?

Mutum na iya shiga shafin kamfani ya soke mabuɗi ɗaya da hannunsa. To amma idan mabuɗan sun kai ɗaruruwa fa? A watan Janairu na 2023, bayan an kutsa cikin kwamfutocin kamfanin CircleCI, kamfanin ya nemi dukan abokan hulɗarsa su canza mabuɗansu baki ɗaya. A irin wannan hali ne ake buƙatar laburaren manhaja, wato tarin umarni da aka riga aka rubuta, wanda mai tsara manhaja zai kira da layi ɗaya ko biyu. Misalinsa shi ne boto3, wanda masu harshen Python ke amfani da shi wajen hulɗa da kwamfutocin kamfanin Amazon.

Matakan aikin

Amazon na yarje wa kowane mai amfani ya riƙe mabuɗi biyu a lokaci guda, domin a iya sauyi ba tare da aiki ya tsaya ba. Da farko manhaja za ta ƙirƙiri sabon mabuɗi ta raba shi ga duk inda ake buƙatarsa. Sannan ta dakatar da tsohon. Daga nan sai a saurara a ga ko wani aiki ya tsaya. Idan ya tsaya, ana iya farfaɗo da mabuɗin da aka dakatar. In komai lafiya, sai a share shi, kuma wanda aka share ba ya dawowa. Amma idan an tabbata mabuɗi yana hannun ɓarawo, dakatarwa ake fara yi nan take, gyara ya biyo baya.

A kula, ita ma manhajar sokewar da mabuɗi take aiki. Idan ta soke nata tun da fari, ta kulle kanta waje ke nan, sauran mabuɗan kuma suna nan da ransu.

Kammalawa

Ɗalibin da ke koyon tsara manhaja ya kiyaye abu biyu: kada ya rubuta mabuɗi a cikin rubutun manhajarsa, kuma ranar da ya karɓi mabuɗi, a ranar ya koyi yadda ake soke shi.