Yaɗuwar Jama'a a Doron Ƙasa: Darasi Daga Randagi da Dajin Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana wa ɗaliban labarin ƙasa abin da ke sa mutane su cunkushe a wani wuri, wani wurin kuwa ya zama wayam. Bisa ga lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, jama'ar duniya sun kai biliyan 8 a shekarar 2022, amma zamansu bai zo daidai ba. Kusan shida daga cikin kowane mutum goma a Asiya suke, kuma galibin Misirawa a bakin kogin Nilu suke zaune. Yawanci akan ce ruwa da ƙasar noma ne suka jawo haka. Mu dai muna ganin wannan bayani bai wadatar ba, shi ya sa muka ɗauko misali daga gida.

2.0 Auna Cunkoso

Ana gano cunkoson jama'a ne ta hanyar raba yawan mutane da faɗin ƙasarsu. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, inda Randagi take, tana da mutum sama da 250,000, faɗinta kuwa ya zarce murabba'in kilomita 6,000. Ke nan kowace murabba'in kilomita ta tashi da kimanin mutum 40. Sai dai ɗalibi ya lura, wannan matsakaicin lissafi ne kawai. Gandun dajin Kamuku kaɗai ya haura murabba'in kilomita 1,000, jama'a kuwa sun taru ne a garuruwa irin su Randagi da kuma bakin hanyar mota.

3.0 Dalilan Ƙarancin Jama'a

Ƙasar Birnin Gwari ta fi ta Kano samun ruwan sama, amma duk da haka karkarar Kano ta fi ta cika nesa ba kusa ba. Dalili na farko shi ne ƙudan tsando, wanda ya daɗe yana hana shanu sakewa a dazuzzukan wannan shiyya. Na biyu kuma tarihi ne. A ƙarni na 19 mayaƙan Kwantagora sun yi ta kai hare-haren kamun bayi a ƙasashen Gwari da Kamuku, alhali manoman Kano suna da ganuwa da kasuwa da takin birni. A zamaninmu ma, musamman daga wajejen 2015, hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a yankin, mutane suka bar gonakinsu suka koma garuruwa.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za mu fahimci cewa damina mai albarka ba ta isa ta zaunar da mutum ba, sai an haɗa da lafiya da aminci. Saboda haka muna ba malamai shawara, in za su koyar da taswirar yawan jama'a, su riƙa haɗawa da tarihin wurin. Haka kuma ya wajaba a sake ƙidaya, domin da alƙaluman 2006 ba za a iya tsara makarantu da asibitocin mutanen da suka yi ƙaura ba.