Atishawar Goɗiya da Shirun Mai Halwa

 Ina gaishe ku mutanen Tasawa da Maijirgi da Korgom da Urafan. Ina gaishe ku mutanen Mayahi da Sarkin Hausa, da duk wanda ya rataye rediyonsa a reshen gawo yana saurarenmu daga gona. Shirinmu na musamman na yau a kan mutumin da ya ce "na gani, na ɗanɗana" yake, da malamin da ya ce masa "kawo hujja", da likitan da ya ce masa "zo mu duba ka".

Bari in fara da mutum biyu da na sani tun ina yaro, a ƙauyenmu na bakin Gulbin Kaba.

Ta farko mai fura ce. Mace mai kunya, in tana auna maka fura ko ido ba ta haɗawa da kai. Wata rana bayan an kai hatsi rumbu aka yi wasan bori, mu yara muka kutsa ta tsakanin ƙafafun manya. Mai garaya yana ta sauya take, masu buta suna kaɗawa, har aka zo kan taken Ɗan Galadima. Sai jikin matar nan ya ɗauki rawa, zufa ta keto mata, idonta ya kafe. Aka zura mata babbar riga, aka naɗa mata rawani. Jama'a, wallahi tafiyarta ta sake, muryarta ta sake. Ta shiga taku irin na ɗan sarki, tana raba goro da kuɗi, tana kiran dattawa da sunansu, su kuma suna durƙusawa suna kawo kuka: wannan ciwon ɗa, wancan rigimar gida. Can sai ta yi atishawa sau uku, ta sulale ƙasa. Aka lulluɓe ta da zane, aka ba ta ruwa. Da ta farfaɗo, abin da ya fara fita bakinta shi ne: "Wa ya zo?"

Wa ya zo. Ku riƙe mini wannan tambayar, za mu komo kanta.

Na biyu kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, Batijjane. Da izinin shehinsa ya shiga halwa kwana 40 a wani ɗan ɗaki bayan masallaci. Buzu, buta, tasbaha, shi ke nan. Da magariba a ajiye masa dabino da ɗan kunu a bakin ƙofa. Ya rage ci, ya rage barci, ya daina hira, ba ya fita sai don alwala ko Juma'a. Ranar da ya fito ya rame, amma fuskarsa kamar an wanke ta. Na tare shi na ce, "Kawu, me ka gani a ciki?" Ya dafa kaina ya ce, "Ɗana, in na ba ka labarin zuma, bakinka zai yi zaƙi?" Har ya koma ga Allah bai ƙara mini kalma ɗaya a kan wannan ba.

To kun ji su. Mai fura gari duka ya shaida abin da ya same ta, ita kaɗai ce ba ta tuna komai, sai an ba ta labari. Kawu yana tune da komai, amma babu wanda ya shaida, kuma ya ce baki ba ya iya ɗauka. Shekaru nake juya wannan a raina, shi ya sa na kawo muku shi yau.

Tarihi a gurguje. Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautarta ya yo arewa, aka kafa Maraɗi, Tasawa kuma tana cikin ƙasar da ba ta bi Sakkwato ba. Shi ya sa bori ya samu wurin zama a fada a nan: Iya a Maraɗi, Inna a Tibirin Gobir, su ne ke riƙe da 'yan bori. Wata Bafaranshiya, Jacqueline Monfouga-Nicolas, ta zauna da 'yan borin ƙasar Maraɗi ta fitar da littafi a 1972. Ƙofar shiga bori kuwa sananniya ce: ciwon da ya ƙi magani. A yi wa mutum girka, ya zama doki ko goɗiya, ya koyi zama da iskan da ya kama shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo kansa. An haife shi a 1754 a Maratta, ƙasar Gobir, cikin Nijar ta yau. Mutumin da ya yaƙi tsafi da bori, shi ne kuma ya rubuta da hannunsa cewa yana ɗan shekara 36 Allah ya yaye masa labule, ganinsa da jinsa da shaƙarsa suka ƙaru. Yana ɗan shekara 40, wajen 1794, ya ce an kai shi gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Shehu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya. Wannan gani ne na mutum ɗaya, babu ɗan Adam ɗin da ke gefensa yana kallo. Amma shi dai wannan Shehun, da mutane suka fara raɗe-raɗin cewa shi ne Mahadi, ya ɗauki alƙalami ya ƙaryata su. Ya auna kansa da siffofin da suka zo a hadisi, ya ga bai cika su ba, ya faɗa. Wannan yana burge ni ƙwarai. Ya ɗanɗana, bai musa ɗanɗanonsa ba, kuma bai yarda a ɗora masa abin da littafi bai ba shi ba. 'Yarsa Nana Asma'u kuwa ta tara mata 'yan taru, tana tura jagororinsu, waɗanda ake kira jaji, ƙauye-ƙauye da waƙoƙin koyarwa, don mace mai damuwa ta samu wurin zuwa ban da gidan bori.

Kafin Shehu da shekaru kusan 700 an yi Imamu Gazali, wanda malamanmu na zaure ke karanta Ihya'unsa har gobe. Shi ne babban malamin makarantar Nizamiyya a Bagadaza, ɗalibai ɗari-ɗari a gabansa. Shakka ta taɓa kama shi, wajen wata biyu. Ya ce ido yana ganin tauraro kamar ƙwandala, alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. In ido yana yaudara, wa ya tabbatar masa hankali ba ya yi? A 1095 harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi, abinci ya ƙi zama a cikinsa, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya bar kujera, ya bar dukiya, ya tafi Dimashƙa. Yakan hau hasumiyar babban masallaci ya kulle ƙofa ya wuni. Shekara goma da ɗoriya yana wannan hali. Da ya komo ya rubuta Munƙiz, inda ya bambanta sanin ma'anar lafiya da zama lafiyayye: likita yana iya kwance ba lafiya alhali ya haddace duk bayanin lafiya. Ya kira abin zauƙi, wato ɗanɗano. Zumar kawuna ke nan, ko da yake kawu bai taɓa zuwa Dimashƙa ba.

Yanzu ga masu cewa kawo hujja, kuma ina ba su haƙƙinsu. Shehu Abubakar Gumi ya fitar da littafinsa na aƙida a 1972, aka kafa Izala a Jos a 1978, ba a jima ba ta shigo Maraɗi ta hannun 'yan kasuwa da matasa masu karatu. Tambayarsu mai nauyi ce. Istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma, wa ya ƙayyade? Tarbiyyar Failar Shehu Ibrahim Inyas ta Kaulaha, wadda muridi ke fitowa yana cewa ya san Allah sanin ɗanɗano, ina ta a sunna? In kowa zai ce "na gani", me zai hana maƙaryaci faɗa? Kuma mun ga maƙaryatan. Mun ga wanda ya shiga halwa don neman rauhani mai kawo kuɗi, mun ga wanda ya ja wuridi ba izini aka ce ya zauce. Su kansu 'yan ɗariƙa sun san haka, shi ya sa suke cewa kada ka shiga halwa ba shehi. Inda zuciyata ba ta bi ba shi ne lokacin da gardama ta koma wuta. A watan Nuwamba na 2000, cikin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da aka yi a Yamai, an ƙona wurare a Maraɗi, har da gidan Iya. Dattijuwa ce a gidanta, jama'a. Hujja ba ta bukatar ashana.

Ku lura da wani abu. A nan ƙasar kusan babu mai musun cewa mai fura wani abu ya same ta. Ɗan bori ya ce iska ne, a lallashe shi. Mai ruƙiyya ya ce aljani ne, a kore shi da Alƙur'ani. Sun yarda da baƙon, sun saɓa kan tarbarsa. Wanda ya zo da magana daban shi ne likita, mai cewa baƙon daga cikin gida yake: damuwa, gajiya, baƙin cikin da aka haɗiye aka rasa wanda za a gaya wa.

A Amurka wani likita, Andrew Newberg, wanda a lokacin yake Jami'ar Pennsylvania, ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mabiya Buda 8 suna cikin zurfin tunani, sakamakon ya fito a 2001, daga baya ya yi wa mata 3 masu zaman ibada na Katolika. Ya ga sashen da ke tara hankali ya ƙara aiki, sashen da ke gaya wa mutum iyakar jikinsa kuma ya lafa. Mutanen kaɗan ne, a faɗi gaskiya. Mai shakka ya duba hoton ya ce, kun gani, ƙwaƙwalwa ce kawai. Mai imani ya duba ya ce, to da me kake so bawa ya ji kusancin Ubangijinsa in ba da abin da aka halitta masa ba? Na'urar ta nuna cewa mutumin ba ƙarya yake ba da ya ce ya ji wani abu. Tambayar mai fura kuwa, wa ya zo, hoton bai taɓa ta ba.

Mai kula da na'ura yana nuna mini agogo. Na so mu taɓa zancen 'yan mata 'yan lakwal da ke faɗuwa a aji, abin da ya yawaita a makarantun Nijar, inda za ka ga malamin ruƙiyya da ma'aikacin likita sun haɗu a ƙofar aji ɗaya, uwar yarinya kuma tana tunanin garaya ba ta iya faɗa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Mai fura ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta. Ta bar rigar nan da rawanin a cikin wata tukunya. Ɗanta, wanda ya yi karatu a Maraɗi, ya ce a ƙone su. 'Yarta ta ce kayan uwarta ne, ba mai taɓawa. Da na je gida bara na tambaya, aka ce tukunyar tana nan a ɗakin 'yar, an rufe bakinta da faifai. Tasbahar kawu kuma tana aljihuna yanzu haka da nake muku magana.