Babi na Bakwai: Gyaɗa, Jirgin Ƙasa da 'Yan Cin Rani

Har gobe za ka ji mai ilimi, da digirinsa, yana cewa Turawa ne suka kawo wa Kano masana'antu, kuma don gyaɗa suka shimfiɗa hanyar jirgi. Duka biyun ba haka ba ne. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851 ya tarar da gari na masaƙa da marina da dukawa, turkuɗinsa yana kaiwa har Tambutu da Turabulus. Wa ya koya wa wa?

Maganar jirgi kuwa ta fi daɗi. Dogo ya iso Kano a 1911, aka fara jigila sosai a 1912, kuma auduga aka zo nema. Masaƙun Lankasha a Ingila sun gaji da dogaro da audugar Amurka, har suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a 1902, aka kafa injin gurza a Zariya, ana jiran Kano ta cika taragu. Sai manomi ya yi nasa lissafin. Audugar da yake da ita, masaƙin gida ya fi Bature saye da tsada. Gyaɗa kuwa ana shuka ta tsakanin gero da dawa, tana gyara ƙasa, in farashi ya faɗi a ci abinta, mata su matse mai su toya ƙuli-ƙuli. Ga kamfanonin sabulu da man shafa wa burodi a Turai suna nemanta ido rufe. Fataken goro da suka saba da hanyar Gwanja, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, daga baya Alhassan Ɗantata, suka baza yaransu ƙauyuka da kuɗi da gishiri da tufafi. Kaka ɗaya tak, buhuna suka toshe tashar Kano, jirgin ya kasa kwashewa. Babu wani Razdan da ya tsara wannan. Manoma ne suka juya akalar dogon da aka kashe wa dukiya, ba tare da sun yi taro ko sau ɗaya ba.

To wa ya ɗauki buhunan? A nan ne littattafai suke yin shiru. Dalar gyaɗa da ake bugawa a hotuna ba inji ne ya jera ta ba. Mutum ne zai sunkuya, biyu su ɗora masa buhu a ka, ya taka buhunan da aka riga aka jera tamkar matakala, ya hau har ƙololuwa, ya sauke, ya sauko a guje don kada layi ya tsinke, helma yana ƙirga. Da yawansu 'yan cin rani ne: daga Gwaram, daga Sara, daga ƙauyukan Birnin Kudu, daga Damagaram da Maraɗi. An gama girbi, an cika rumbu, ga haraji ana nema da tsabar kuɗi, sai saurayi ya naɗe tabarma ya nufi birni, ya rage wa gida baki ɗaya.

Sauran labarin sananne ne. An buɗe Bompai, sannan Sharaɗa da Challawa, aka kafa masaƙar Kaduna a 1957, kamfanonin man gyaɗa da jima da alewa suka cika Kano. Fari da cutar gyaɗa ta 1975 da kuɗin fetur suka kwantar da dala, matsin tattalin arziki na 1986 da rashin wuta da kayan waje suka rufe masaƙu.

Ana yawan kwatanta wannan da Amurka, inda baƙi kimanin miliyan 12 suka bi ta tsibirin Ellis tsakanin 1892 da 1954 suka cika masana'antun ƙarfe da ɗinki. Kwatancen yana da rauni. Wanda ya ƙetare teku daga Foland ko Rasha yawanci ya sayar da komai, in albashi bai ishe shi ba sai ya tsaya ya yi faɗa a inda yake. (Italiyawa ne suka ɗan yi kama da mu, don da yawansu sukan tara kuɗi su koma gida.) Namu leburan yana da gona. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, manaja ya yi ta faɗa, shi dai ya karɓi kuɗinsa ya tafi shuka. Masu cewa Bahaushe bai san 'yancinsa ba, shi ya sa ƙungiyar ƙwadago ta yi wuyar kafuwa a cikin 'yan cin rani, ba su fahimci abin ba. Tafiyar nan ita ce yajin aikinsa. Yajin aiki irin na takarda, kamar na 1945 da Michael Imoudu ya jagoranta fiye da kwana 40, ma'aikatan reluwe da na gwamnati ne suka riƙe shi, mutanen da albashi ne kaɗai abincinsu.

Shi ya sa gyaran da ya fi taɓa ɗan cin rani bai fito daga ofishin ƙwadago ba. Ya fito ne daga siyasar NEPU da PRP, ranar da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin Sara da Birnin Kudu suna cikin Jihar Kano, don sai 1991 aka yanke Jigawa. Rimin ne kuma ya ba da hutun ma'aikata na 1 ga Mayu a 1980, shekara guda kafin gwamnatin Shagari ta mai da shi na ƙasa baki ɗaya. Masu ɗaukar ranar a matsayin kayan Rasha su sake bincike: asalinta yajin aikin Shikago ne na 1886, na neman a tsayar da aiki awa 8 a yini, kuma yawancin waɗanda aka rataye bayan rikicin da ya ɓarke a yajin baƙi ne daga Jamus. Ita Amurkar ma ba ta hutu ranar, nata yana Litinin ta farko a watan Satumba.